Sharhi: Allurar jel ta ciwon daji da ke yawo a waya, ina gaskiyarta, kuma ina ta same mu?



Akwai labarin da ke ta zagaya wayoyi, ana tura shi daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan: wai Turawa sun gano wata allura mai kamar ruwa, da an yi ta sai ta daskare a kan ciwon daji ta cinye shi, ba fiɗa, ba zubewar gashi, ba wahala. Wasu daga cikinku da ke ƙetare har sun tambaye mu ko ana iya sayo ta a aiko gida, don akwai uwa ko ƙanwa da ke kwance da ciwon nono. Tambayar ba ta wasa ba ce. Wanda ya shekara yana ɗaukar bulo a Tamanrasat, ko yana tura baro a Legas, in ya tara ɗan abin da ya tara, ya kamata ya san inda zai sa shi. Shi ya sa muka zauna muka bi labarin tun daga tushe.

Ga abin da muka samo a taƙaice. Jel ɗin akwai shi, har ma akwai irin da likitoci suka fara aiki da shi. Amma yana aiki ne a kan ciwon da aka kama da wuri, yana zaune wuri guda bai bazu ba. Mu kuwa a nan, abin da ke kashe mana mutane shi ne isa asibiti bayan ciwo ya riga ya ci jiki. Wannan ita ce maganar, sauran bayani ne.

Mene ne shi wannan jel?

Duk wadda ta taɓa yaga Pampers ɗin jariri bayan ya jiƙe ta ga wasu ƴan ƙwayoyi masu santsi da suka kumbura da ruwa. To dangin abin ke nan. Wasu zaruruwa ne ƙanana da ido ba ya gani, sun sarƙe da juna kamar raga, suna riƙe ruwa mai yawa ba tare da sun narke nan take ba. Masana na kiransa haidrojel, wato jel mai riƙe ruwa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1960 wasu masana biyu na ƙasar Cekoslobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka bayyana irinsa na sawa a jikin mutum, kuma da shi aka yi gilashin ido mai taushi da ake mannawa a ƙwayar ido.

Abin da ya ja hankalin likitocin ciwon daji shi ne wani iri da ke yin akasin abin da muka sani a madafa. Romon ƙafar sa in ya kwana cikin sanyin hunturu sai ya daskare, in aka ɗora shi a wuta ya narke. Shi wannan, cikin sanyi ruwa ne da ake iya zuƙa a sirinji, da ya ji ɗumin jikin mutum sai ya yi kauri ya zauna inda aka zuba shi. In an gauraya shi da magani, sai ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan a daidai wurin, wani na ƴan sa'o'i, wani na kwanaki ko makonni, har ya narke jiki ya fitar da shi.

Manoma za su fi kowa saurin gane amfanin haka. Da can mai hali watsa takin zamani yake yi a gona gaba ɗaya, rabi ciyawa ta ci, wani ruwa ya tafi da shi. Sai masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai da abokan aikinsu suka yaɗa dabarar nan ta sa ɗan taki, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, a ramin shuka. Maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya, wanda a asibitocinmu ake ce wa shimiyo, kamar watsa taki ne. Yana bin jini ya zagaya jiki duka, yana kashe duk ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, na ciwon da na lafiya. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, amai ya taso, jini ya ragu. Jel ɗin kuwa sa taki ne a rami: magani mai yawa a kan ciwon, kaɗan a sauran jiki.

Amma ku riƙe wannan misali da kyau, don a cikinsa iyakar abin take. Taki a rami yana amfani ne in ka san inda ramin yake. Ciwon dajin da ya tashi daga nono ya shiga hammata, ya kai huhu, hanta ko ƙashi, ba shi da rami guda. Irin wannan dole sai maganin da ke zagaya jiki.

Waɗanda suka riga suka isa hannun likitoci

A ranar 15 ga Afrilun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna Jelmyto na kamfanin UroGen Pharma. An yi shi ne don wani ciwon daji marar saurin bazuwa da ke fitowa a cikin ƙoda, wurin da fitsari ke taruwa, da kuma bututun da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara. Da can in an zuba magani a wurin, fitsari ne ke wanke shi nan da nan, don haka sau da yawa sai dai a cire ƙodar gaba ɗaya. Jel ɗin yana riƙe maganin a wurin na sa'o'i huɗu zuwa shida. A gwajin da aka yi wa mutum 71, an duba 41 daga cikinsu ba a ga ciwon ba bayan magani. Sai dai da yawa sun samu tsukewar bututun fitsarin, wanda shi ma wahala ce ta daban.

A ranar 12 ga Yunin 2025 hukumar ta sake amincewa da wani na kamfanin, Zusduri, don ciwon dajin mafitsara da ke dawowa bayan an kankare shi, amma wanda yake saman fatar cikin mafitsara, bai nutsa cikin tsokarta ba. Ana zuba shi sau ɗaya a mako har mako shida. Cikin kowane mutum 100 da aka gwada, kimanin 78 ba a ga ciwon ba bayan wata uku. Ko a can ma ba a taru an zama ɗaya a kansa ba. Kimanin mako uku kafin nan, kwamitin masana da ke ba hukumar shawara ya kaɗa ƙuri'a biyar da huɗu cewa ba su gamsu ba, saboda ba a kwatanta waɗanda suka samu jel ɗin da wani rukuni da aka yi wa aikin da aka saba ba.

Abu biyu za mu lura da su. Na farko, maganin da ke cikin jel ɗin, mitomisin, tsoho ne. A Japan aka samo shi daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa tun shekarun 1950, kuma likitoci sun daɗe suna aiki da shi. Abin da aka sabunta shi ne mazubin. Na biyu, ba allurar hannu ko ta ɗuwawu ba ce. Ta robar fitsari ake zuba shi, na ƙoda ma sai likitan mafitsara mai kayan leƙa ciki. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba a jaka, a kasuwa ko a tasha, ya ce ga allurar jel ta ciwon daji, ku san kuɗinku yake so. Kuma duka biyun na hanyar fitsari ne. Ba na nono ba ne, ba na bakin mahaifa ba, ba na hanta ba, alhali waɗannan ukun su ne kan gaba cikin masu addabar mutanen Nijar.

Ɓera daban, mutum daban

To daga ina labarin ya warke ɗari bisa ɗari ya fito? Irin waɗannan kanun labarai galibi daga ɗakin bincike suke. A 2023 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, ƙarƙashin Honggang Cui, sun haɗa wani jel da maganin paklitaksel da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, suka zuba shi a gurbin da aka cire ciwon dajin ƙwaƙwalwa. Duk waɗanda aka yi wa sun rayu. Gaskiya ne, amma ɓeraye ne. Kuma sai da aka fara yi musu aiki aka cire ciwon, sannan aka zuba jel ɗin. In labarin ya bi ta waya uku ko huɗu, sai ɓeran ya ɓace daga cikinsa, aikin ma ya ɓace, a bar mu da ya warke.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa, na ciwon daji ma sun fi haka faɗuwa. An taɓa yin wani jel mai suna OncoGel, shi ma da paklitaksel a ciki, ya ba da sha'awa a dabbobi. Da aka gwada shi a kan masu ciwon dajin bututun abinci, bai nuna amfanin da ake fata ba, aka ajiye shi. Masu binciken ba ƙarya suke yi ba. Hanyar ce doguwa, daga ɓera zuwa gadon asibiti ana iya shekara goma ko fiye.

Kuɗi, sanyi da hannun da zai yi aikin

Mu ɗauka ma ciwon mutum ya dace da maganin. A Amurka kuɗin zubi ɗaya ya haura dala dubu 20, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In aka juya, zubi ɗaya ya wuce sefa miliyan 11, zubi shida ya doshi miliyan 70. A can kamfanonin inshora da gwamnati ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. A nan ko an sayar da gona da shanun huɗa da amalanke, ba a kama hanya ba.

Sai maganar sanyi. Abin da ke daskarewa da ɗumin jiki, yaya zai yi a Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke wuce na jikin mutum? Haɗa shi na buƙatar ƙanƙara da firji da ma'aikacin da ya koyi aikin. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama kafin a ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. Duk maganin da ransa ke rataye da firji, wannan lissafin sai an yi shi kafin a kawo shi.

Inda labarin ya taɓo mu: tsargiya

Wani zai ce, tunda na mafitsara ne, ai mu ma muna da masu ciwon mafitsara. Haka ne, kuma nan ne labarin ya fi shafarmu. A Turai da Amurka yawancin ciwon dajin mafitsara taba sigari da sinadaran masana'antu ne ke jawo shi, kuma da yawa ana kama shi tun yana sama-sama. A yankinmu akwai wani mai laifin, wato tsargiya. Tsutsarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, tabki, fadama, hanyoyin ruwan noman rani, irin waɗanda muke da su a kwarin Gulbin Maraɗi, Jiratawa da tabkin Madarumfa. Yaro ya shiga wanka, ta huda fata ta shiga jini, ta je ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara. Ƙwan nan ne ke sa jini a ƙarshen fitsari.

In aka bar ta shekara da shekaru, bangon mafitsara yana ta gyambo yana warkewa, a jikin wasu sai ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa tsargiyar mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato sun daɗe suna ba da rahoton cewa ciwon dajin mafitsara na cikin waɗanda suka fi yawa a mazan da ke zo musu, kuma da yawa irin na tsargiya ne. Irin nan yakan nutsa cikin tsoka, kuma masu shi sukan zo a makare. Ba shi aka yi wa jel ɗin Amurka ba.

Abin da zai hana shi kuwa yana nan kusa, kuma ba ya buƙatar firji. Ƙwayar farazikantel ce, wadda tun 2004 Nijar ke rabawa kyauta ga yara a makarantu da ƙauyuka. Sau nawa muka ji uba ya ce jinin fitsarin yaro ba komai ba ne, alamar girma ce, shi ma ya yi ya wuce? Sau nawa aka zo rabon magani aka ɓoye yara, ko aka tarar sun tafi kiwo, ko almajirai ne ba wanda ya ƙirga su? Gaskiya ƙwayar kan sa jiri ko ciwon ciki in an sha ta da yunwa, shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna. Amma wannan ƴar wahalar ta yini guda ita ce ke tsakanin yaro da ciwon da ko miliyan 70 ba za su raba shi da shi ba in ya kai shekara hamsin.

Wai daji ba ya son allura

Akwai maganar da muka tashi muka tarar: daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya haukace. Ba daga sama maganar ta faɗo ba. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti, an yi masa aiki, bai daɗe ba ya rasu. Abin da ba a faɗa shi ne yaushe aka kai shi. Mace ta ji ɗan ƙullutu a nono kamar ƙwayar gujiya, ba ya ciwo, ta yi shiru. Bayan watanni ta gaya wa ƙawa, aka kawo saiwa da turare. Ya girma, aka je wurin mai magani na gaba, aka tsaga aka shafa. Sai da ya fashe yana wari, gida ya kasa zaunuwa, sannan aka nemi mota. A lokacin ciwon ya riga ya shiga huhu ko ƙashi. Wuƙar likita ta zo ne a ƙarshen labari, sai aka ɗora mata laifin.

Ƙari a kan haka, a bakinmu kalmar daji tana ɗaukar abubuwa da yawa: kumburin ƙafa, maruru, gyambon da ya ƙi warkewa. Wasu daga cikinsu ƙwayoyin cuta ne da maganin ƴan kwanaki ke kashewa, wasu su warke da kansu. Shi ya sa kowane mai magani yana da labarin dajin da ya warkar. Hanya ɗaya ce ta sanin ko ƙullutu sankara ne: likita ya ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin bincike a duba. Wannan ɗiban ba ya haukata ciwo. Ƙullutun nono da yawa ma in an duba ba sankara ba ne, mace ta koma gida da kwanciyar hankali.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ƙullutu a nono ko hammata, jini ko ruwa daga kan nono, jini bayan kwanciyar aure, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, jini a fitsarin babban mutum, kumburi mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da rama: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je CSI a makon, ya gaya wa majo ko ungozomar asibiti. Addu'a da rubutu ba sa hana zuwa. Mu maza kuma mu ji tsoron Allah, izinin fita da kuɗin mota sau da yawa a hannunmu suke.

Abin da ke akwai a ƙasa

Ba a hannu wofi muke ba. A 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji da haske na farko a Nijar, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, CNLC, da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan mai buƙatar wannan magani sai ya fita waje. A Fabrairun 2022 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri na faɗaɗa wannan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Nijar na cikin ƙasashe bakwai na Afirka da aka fara da su. Tun 2007 akwai dokar da ta ce maganin ciwon dajin mata kyauta ne a asibitocin gwamnati, sannan daga 1 ga Satumban 2024 hukumomi sun rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. A Maraɗi muna da babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru, da cibiyar uwa da yaro, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana horar da likitoci.

Amma kowa ya san doka ba ta biyan kuɗin mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Shimiyo sau da yawa duk mako uku ake komawa, gashi da haske kuwa kusan kullum ne har makonni. Sai an samu mai rakiya, da wurin kwana, da abinci, ga gona an bari, ga yara. In magani ya yanke, a rubuta takarda a ce a sayo a farmasi. Wasu su tsallaka Katsina, Kano ko asibitin Shika a Zariya, su haɗu da canjin kuɗi da wahalar iyaka. Nan ne da yawa ke yankewa bayan zubi biyu ko uku, ciwon da ya fara lafawa ya dawo da ƙarfinsa.

A nan ne muke ganin jel ɗin zai iya yi mana rana wata rana. Matanmu sun san allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda ake yi sau ɗaya ta yi ta aiki a hankali. In aka samu maganin ciwon daji da za a zuba a gurbin aiki bayan an cire ƙullutu, ya yi makonni yana aiki, tafiya shida za ta iya komawa biyu. Kayan haɗa shi ma ba zinariya ba ne. Ana yin wasu daga ɓawon jatan lande, wasu daga ciyawar teku, har ƙaron da muke tsinka a jikin itace masu bincike sun gwada. Tsadar daga kuɗin bincike da haƙƙin mallaka take, kuma irin wannan tsada ta taɓa karyewa a idonmu. A 2000 maganin sida na shekara guda ya haura dalar Amurka dubu 10 ga mutum ɗaya. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a kan 350. Yau kyauta ake karɓarsa a asibitocinmu. Sai dai ko ranar ta zo, wanda aka kama ciwonsa da wuri ne zai ci moriyarta.

Dabarar kashe ciwo a mazauninsa ma akwai wadda ta riga ta dace da ƙauye. Ma'aikaciyar lafiya da aka horar tana iya shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, tun shekaru kafin ya zama sankara. Akwai ƴar na'ura mai batir da ke ƙona wurin cikin minti ɗaya ko biyu, mace ta koma gida a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aiki da ita tun 2019, kuma a Nuwamban 2020 ta sa wa ƙasashe buri: kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na ƴan mata rigakafin ƙwayar cutar HPV da ke kawo wannan ciwo, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Maƙwabciyarmu Najeriya ta fara rigakafin ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Haka ma hanta: rigakafin ciwon hanta na B yana cikin allurar jarirai ta Penta tun 2008, kuma busar da gujiya da masara sosai kafin a zuba a rumbu yana rage gubar fumfuna da ke lalata hanta.

Gare ku ƴan'uwa na ƙetare

Mun san zafin a kira ka da dare a ce jikin inna ya tsananta, kai kana nesa. Mun san kuma kuɗin da kuke aikowa su ne ke riƙe da gidaje da yawa a nan. Shawararmu ita ce kuɗin su zo da wuri, tun ana cewa wani ɗan abu ne ya fito. Jika kaɗan na mota zuwa Maraɗi, da hoto, da ɗiban nama, sun fi ɗaruruwan jikkuna da za a kashe bayan shekara guda. In kun kira gida, ku tambayi mata kai tsaye ko ta bakin ƴar'uwa mace, don kunya kan sa a ɓoye wa ɗa namiji. Ku nemi a ɗauki hoton takardar sakamako a turo muku. Kada ku sayi maganin ciwon daji ta intanet ko daga wanda ba likita ba, komai kyan kwalin. In an fara shimiyo, ku yi lissafin zubi duka tun farko, ku raba nauyin tsakaninku, kada a tsaya a tsakiya. In kuma likita ya ce ciwon ya wuce warkewa, akwai sauran aiki: maganin rage zafi, wankin gyambo, abinci mai kyau, da zama kusa da mara lafiya. Shi ma jinya ce, kuma haƙƙinsa ne.

Su kuma hukumomi, daga magajin gari zuwa shugabannin kiwon lafiya na gunduma da na jiha, tambayoyinmu ga su. CSI nawa ne a gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa ke duba bakin mahaifa a kai a kai, ba sai watan Oktoba na gangamin ciwon nono ba? In an ɗebi nama a Maraɗi, kwana nawa sakamako ke yi kafin ya dawo, kuma wa ke neman matar ƙauye ya gaya mata? Rabon maganin tsargiya yana kaiwa ga yaran da ba sa zuwa lakol, da almajirai, da masu aikin noman rani? Akwai wani tanadi na masauki ga wanda aka tura Yamai? Ƙofar wannan gidan rediyo a buɗe take ga duk jami'in da zai zo ya amsa, kuma za mu sa amsar a iska yadda ya faɗe ta.

Ku kuma masu saurare, duk wanda aka turo wa saƙon magani irin wannan, ya kawo mana ko ya nuna wa majo kafin ya fitar da ko dala. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya dawo da matafiya gida lafiya.